Birki Na Kuka Amma Ba Ya Kamawa: Shawarwari 26 Ga Mai Mota Da Mai Babur

Direban haya da ke zirga-zirga tsakanin Gusau da Tsafe, da uwargidan da ke kai yara makaranta daga Tudun Wada zuwa Samaru, buƙatarsu ɗaya ce: in an taka, mota ta tsaya. Sau da yawa kuwa birki kan fara gardama alhali takalminsa da sauran nama. Zafi ne ya gasa fuskarsa ta yi sulɓi, ta daina cizon ƙarfe. Gyaran wannan ba shi da tsada, kuma galibi daga ƙafar direba ciwon ke farawa. Ga abin da zai rage maka wahala, tun daga gane matsalar har zuwa zaɓen sabon takalmi in tsohon ya ƙi gyaruwa.

GANE CIWON TUKUNA

1. Kashe rediyo ka saurari tayoyinka.
Takalmin da ya yi sulɓi yana da siririn kuka mai shiga kunne, kuma an fi jin sa a tafiyar sannu, misali lokacin da kake rage gudu za ka shiga shataletalen Lalan. Sauke gilashi ka taka a hankali, za ka gane gefen da kukan ke fitowa. In kuwa gurzar ƙarfe da ƙarfe ka ji, naman takalmin ya ƙare ke nan, ajiye motar a yau kafin ta cinye maka faifai.

2. Bari ƙafarka ta ba ka labari.
In feda tana nan da taurinta, ka danna da ƙarfi amma mota na ci gaba da silalewa, sulɓi ne ya fi kama da laifi. In feda ta yi laushi tana nutsewa ƙasa, to iska ce ta shiga ko man birki na yoyo, kuma wannan aikin bakanike ne ba tare da jira ba. In sitiyari ne ke rawa a hannunka duk lokacin da ka taka, a duba fuskar faifan.

3. Fahimci abin da zafi ke yi.
Naman takalmin birki haɗi ne na garin ƙarfe da zaruruwa da wani irin ƙaro da ke riƙe su wuri ɗaya. Idan zafi ya wuce abin da aka yi shi domin ya ɗauka, ƙaron kan narke ya taso sama, ya sandare ya zama ɓawo mai sheƙi. Daga nan ya koma kamar dutsen niƙan da ya yi sulɓi: dutsen na nan da nauyinsa, amma ba zai ci hatsi ba sai an sassare fuskarsa.

4. Cire taya ka gani da idonka.
Fito da takalmin ka karkata shi a hasken rana. Lafiyayye launinsa dushi-dushi ne, toka-toka, in ka ja farce a kansa za ka ji kaushi. Wanda ya gasu kuwa yana walƙiya, farce na wucewa sumul. Dubi faifan ma, domin tabo mai shuɗi-shuɗi a jikinsa shaida ce cewa wurin ya sha wuta.

5. Auna kauri kafin ka ɓata ƙarfinka.
Sabon takalmin gaba na ƙaramar mota yakan zo da nama kimanin milimita 10 zuwa 12, kuma in ya sauko zuwa milimita 3 lokacin canji ya yi. Haka in ka ga tsaga, ko gefensa na marmashewa, ko naman ya fara rabuwa da ƙarfen bayansa, jefar da shi. Wanda ya sha man birki ko giris shi ma ba ya wankuwa, domin man ya riga ya ratsa ciki.

GYARA A ƘOFAR GIDA

6. Kafe motar kafin ka sa hannu.
Nemi wuri mai daidai da ƙasa mai tauri, ja birkin hannu, ka tokare tayoyin da ke ƙasa da dutse ko bulo gaba da baya. Kada ka dogara da jak shi kaɗai, musamman da damina da ƙasa ke lotsawa. Ƙara kututturen itace mai ƙwari, ka kuma tura tayar da ka cire ƙarƙashin motar. Kora yara gefe, domin su ne ke son shiga mota su yi wasa da feda.

7. Yi gefe ɗaya, ka bar ɗayan ya zama malaminka.
In ka manta yadda wani ƙarfe ko siririn maƙalli ya zauna, sai ka leƙa wancan gefen da ba ka taɓa ba. Da ka zare kalifa, ɗaure ta da waya ko igiya a jikin sifirin, kada nauyinta ya rataya a kan tiyon man birki ya tsage shi ta ciki. Sa alama da alli a bayan kowane takalmi, na ciki da na waje, don kowa ya koma ɗakinsa.

8. Shimfiɗa samfefa a ƙasa, ka goga takalmin a kanta.
Samo mai lamba 80 zuwa 120, ka ɗora ta kan tayil ko daɓen siminti mai santsi, ka kifa takalmin a kai kana juya shi kamar kana rubuta lamba 8. Riƙe samfefa a hannu yana sa fuskar ta yi kwari da tudu, shi ya sa ƙasa ta fi. Da sheƙin ya ɓace ko'ina launi ya koma dushi-dushi, tsaya, domin ɓawon kawai kake son cirewa.

9. Faifan ma yana da haƙƙi.
Bi fuskokinsa biyu da samfefa mai lamba 120 kana zagayawa, har ƙyallin ya dushe, domin ragowar ƙaron da ya manne masa zai sake ɓata takalmin da ka gyara. In ka ji zurfafan layuka da farce, ko baki ya taso a gefensa, kai shi a auna. A jikin faifan akwai rubutun MIN TH da lamba a gabansa, wato iyakar sirancin da aka yarda ya kai, kuma wanda ya kai nan sai canji.

10. Kada ka hura ƙurar da baki ko da injin iska.
Tsofaffin takalma da wasu masu araha na iya ƙunsar asbestos, wanda ƙurarsa ke lahanta huhu bayan shekaru. Rufe hanci da takunkumi, ka yayyafa ruwa kaɗan a kan ƙurar ka share da jiƙaƙƙen tsumma. Wajen wanke faifai yi amfani da maganin feshi na birki ko sifirit, ban da kananzir da man dizal, domin suna barin maiƙo.

11. Nemo wanda ya hura wutar.
In gefe ɗaya ne kawai ya gasu, ko takalmi ɗaya ya fi ɗan'uwansa cinyewa, galibi sandunan da kalifa ke zamiya a kansu ne suka cije, sai birki ya riƙa riƙe taya ko ba ka taka ba. Ƙurar hunturu da ruwan Agusta suna shiga ta yagaggiyar roba su haɗa tsatsa. Zare sandunan ka goge, ka shafa giris ɗin birki mai jure zafi wanda ba ya cin roba, ka canza robar da ta yage, sannan ka juya tayar da hannu ka ga tana sakewa.

12. Famfa feda kafin mota ta motsa.
Bayan an tura fistin baya an mayar da takalmi, takun farko yakan tafi har ƙasa ba tare da ya kama komai ba. Zauna ka taka ka saki, ka taka ka saki, har feda ta yi tauri, sannan ka duba man birki a kofinsa. Wannan 'yar daƙiƙa ce ke raba ka da katangar maƙwabci.

13. Zaunar da birkin, ko gyararre ne ko sabo.
Da rana, a miƙaƙƙen titi mai ƙarancin jama'a kusa da gari, kai gudun kilomita 60 a awa ka taka da matsakaicin ƙarfi har ka sauko wajen 10, ba tare da ka tsaya cak ba, ka maimaita sau 8 zuwa 10. Daga nan ci gaba da tafiya na 'yan mintoci ba taka birki, iska ta sanyaya shi. Wannan ne ke shafa wa faifan siririn rufi daga jikin takalmin, su saba da juna. In kwalin sabon takalmin ya zo da nasa umarnin, bi nasa.

KADA CIWON YA DAWO

14. Taka ka saki, kada ka jingina ƙafa.
Abin da ya fi gasa takalmi shi ne doguwar taka mai sauƙi, wadda ba ta tsayar da mota ba, ba ta kuma bar ƙarfe ya huta ba. Hango rami ko shinge tun daga nesa, ɗauke ƙafa daga totur, ka taka sau ɗaya da kyau, ka saki. Masu mota otomatik, a ajiye ƙafar hagu a gefe, domin ita ce ke kwanciya a kan feda mai ita bai sani ba.

15. Bar giya ta taya birki aiki.
Hanyoyinmu ba su da dogayen gangara irin ta Hawan Kibo a hanyar Jos, amma duk ranar da tafiya ta kai ka can, sauko giya tun daga saman tudu injin ya riƙe motar. A otomatik, yi amfani da 2 ko L ko giyar hannu in motar na da ita. Sakin mota a firi don tsimin mai kuwa, abin da ka rage a gidan mai za ka biya shi a shagon kayan gyara, in ma an tsaya nan.

16. Gudu da lodi su ne itacen wutar.
In ka ninka gudu sau biyu, zafin da birki zai sha kafin mota ta tsaya ninki huɗu ne, kuma kowane buhun masara ko waken suya da ka ƙara a but yana ƙara masa. Kowa ya san dalilin da ke sa direba sauri a hanyar Tsafe zuwa Funtuwa ko ta Bunguɗu zuwa Talatar Mafara: ana son a isa da sauran rana. Maganin shi ne sammako, domin gudu da taka birki a kowane rami da kowane shinge, ga zafin Afrilu mai kai digiri 40, shi ke ƙona takalmi tun bai tsufa ba.

17. Birki mai zafi, iska yake so.
In ka ji ƙauri bayan doguwar tafiya, rage gudu ka tafi a hankali, kuma in ka tsaya a wuri mai daidai kada ka danne feda, domin takalmi mai zafi yana barin tambarinsa a jikin faifai. Kada ka watsa masa ruwa, kada kuma ka shiga wurin wankin mota kai tsaye daga hanya, don sanyin farat ɗaya na iya tsaga faifan ko ya karkata shi. Kara bayan hannunka kusa da kowace taya ba tare da ka taɓa ba. Wadda ta fi sauran huci ita ce mai matsala.

18. Canza man birki duk shekara 2.
Man birki yana jan danshi daga iska, kuma danshin na rage masa juriya: sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya sha ruwa yakan sauko wajen 155, shi kuwa DOT 3 daga 205 zuwa wajen 140. In ya tafasa feda ta tafi ƙasa, komai kyan takalminka. Karanta murfin kofin ka sayi abin da aka rubuta, a gwangwani mai hatimi, kuma kada ka haɗa DOT 5 da sauran, domin shi jinsinsa daban ne.

19. Mai Boxer da mai Keke, ku ma da ku ake.
Birkinku na ganga ne, kuma laininsa yana yin sulɓi kamar yadda na mota ke yi, musamman in ƙafa ta saba hutawa a kan fedar baya. Buɗe gangar ka share ƙura, ka bi lainin da cikin gangar da samfefa sama-sama. Wajen ɗaure notin saiti bar 'yar rata, ka ɗaga tayar ka juya ka tabbatar ba ta gurza, domin birkin da aka matse da yawa yana ci ko ba a taka ba, ga shan mai.

IN ZA KA SAYI SABO

20. Tafi shago da tsohon a leda.
Corolla ko Golf ko Sharan ɗaya na iya zuwa da birki iri biyu ko uku, gwargwadon shekara da ƙasar da aka yi motar dominta. Ɗora tsohon a kan sabon a gaban mai shago, ka duba tsawo da kunnuwa da wurin maƙalli, ka kuma riƙe lambar shasi a waya. In za ka yi aike kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, tura hoton gaba da baya tare da lambar, kada kayan su iso Gusau su ƙi shiga.

21. Zaɓi irin da ya dace da aikin motarka.
Mai laushi, wanda zaruruwa da ƙaro suka fi yawa a cikinsa, ba shi da ƙara kuma ya fi araha, amma shi ya fi saurin gasuwa, don haka na ƙaramar mota ne mai yawon cikin gari. Mai haɗin ƙarfe ya fi jure zafi da lodi, shi ya dace da motar haya da bas da a-kori-kura, sai dai yana da ƙura, yana kuma ɗan cin faifai. Na seramik tsafta gare shi da shiru da daɗewa a motar gida, amma ba shi ne gwanin ɗaukar nauyi ba.

22. Karanta haruffa biyun da ke jikinsa.
Takalma da yawa, musamman waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka, suna ɗauke da haruffa irin EE ko FF ko GG a baya ko a gefe: na farko ƙarfin kamu ne a matsakaicin zafi, na biyu a babban zafi, kuma G ya fi F, F ya fi E. FF ya wadatar da yawancin motocin gida, amma FE na nufin kamunsa na raguwa in ya yi zafi. Na kasuwar Turai kuwa nemi harafin E da alamar 90R, wadda ke nuna an gwada shi bai kauce wa na asali da fiye da kashi 15 cikin 100 ba.

23. Takalmin tsere ba na kai yara makaranta ba ne.
An yi shi ne ya yi aiki cikin zafin ɗaruruwan digiri. Birkin motocin Formula 1 ma yakan kai wajen digiri 1,000. Da sanyin asubar Janairu, a takun farko da za ka yi a bakin layinku, irin wannan takalmi bai farka ba, ga kuka, ga ƙura, ga cin faifai. Don haka in mai shago ya ce, "Alhaji, wannan na tsere ne, ya fi kowanne," ka ce masa, "Na gode Malam, ba ni na titi mai kyau."

24. In har tsere ne a ranka, raba kayan gida biyu.
Masu shiga filin tsere, irin wanda ke Evbuobanosa a jihar Edo, sukan sa takalmin fili da sabon mai mai jure zafi kamar DOT 5.1 ranar wasa, su mayar da na titi in za su koma gida. Takalmin titi a fili yakan gasu cikin 'yan zagaye, wanda aka ce na titi da fili ne a haɗe kuwa kowane ɓangare rabi yake ba ka. Wasan mota na rakiyar amarya a tsakiyar gari ba ya cikin wannan lissafi, domin ba takalmin da aka ƙera don gudu a titin da yara ke tsallakawa.

25. Araha ba ta ado, suna a kwali kuma ba shaida ba ne.
Bosch da TRW da Ferodo da Akebono sanannun kamfanoni ne, kuma sanannen suna shi masu jabu suka fi kwaikwayo. Duba ko lambar kwali ta yi daidai da ta jikin ƙarfen, ko rubutun ya fita tsaf, ko naman ya manne da bayansa ba rata, ka kuma yi zargin duk farashin da ya faɗi ƙasa warwas. Takalmin gwanjo da wanda aka liƙa wa sabon nama a bakin titi, bar su inda ka gan su, domin ba ka san wutar da suka sha ba.

26. Canza hagu da dama tare, ka karɓi tsofaffin a hannunka.
Sabo a gefe ɗaya da tsoho a ɗayan yana sa mota ta fizgi gefe in ka taka, kuma tayoyin gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa. Ka ce wa bakanikenka, "Oga, don Allah a goge sandunan kalifa a sa musu giris, a nuna mini tsofaffin takalman in an gama." Rubuta ranar da kilomitar da mota ta ci a ɗan littafi ka jefa a aljihun gaba, ka kuma sa a leƙa birkin duk lokacin da aka zo juyen baƙin mai.